Gizo da Iyayen Gidansa Uku

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Can bayan teku akwai wata ƙasa inda gajimare ke saukowa ya kwanta a gonaki, ƙanƙara na zubowa a hankali kamar auduga. Wata rana iska ta ɗauki Gizo da matarsa Ƙoƙi a kan zare, ta yi ta lilo da su har ta sauke su can.

A ƙasar nan ba a sayen gona. Sarki ke da ƙasa duka, ya yanka wa manya, manya su yanka wa na ƙasa da su. Mai son gona sai ya durƙusa, ya sa hannuwansa cikin na babba, ya rantse shi nasa ne, ran yaƙi zai fito masa. Babban kuma ya miƙa masa dunƙulen ƙasa, shi ke nan gona ta samu.

Gizo ya ce wannan ai banza ce ta faɗi.

Ya hau gidan dutsen Mikiya, ya sa hannu cikin fukafukanta, ya samu gonar alkama. Ya gangara wurin Ɓauna, ya sa hannu cikin kofatonta, ya samu gonar inabi. Ya je bakin ruwa wurin Kada, ya rantse har da hawaye, ya samu fadama.

Ƙoƙi ta tambaye shi ko ya san hannu nawa ya rabar. Ya ce takwas gare shi, har da saura.

Suna nan suna cin daɗi, sai manyan nan uku suka saɓa a kan iyakar wani daji. Kakaki ya tashi daga gidaje uku, kowa na kiran mutanensa. In Gizo ya ƙi fita, gona ta tafi. Sai ya sa Ƙoƙi ta ɗinka masa riga, gaba shuɗi irin na Mikiya, baya ja irin na Ɓauna, hula koriya irin ta Kada.

A filin daga ya tsaya tsakiya, yana nuna wa kowa gefensa. Dawakai suka wuce a guje, iskarsu ta juya shi kamar ganye, duk ukun suka gan shi sarai. Aka sauke makamai.

Mikiya ta ce, "Bawan Allah, kai na wane ne?"

Gizo ya ce, "Ranku ya daɗe, naku ne."

Ɓauna ta ce, "Namu wa?"



Kowa ya karɓe gonarsa. Kada ya ce daga yau ko taki ɗaya na ƙasar nan ba nasa ba ne. Gizo ya ɗaga ƙafa, ya rasa inda zai sauke ta, sai ya kama zarensa ya yi sama. Har yau yana can yana reto tsakanin sama da ƙasa.

To kun ji, jikokina, amana wuri ɗaya ake ajiye ta. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

Kungurus kan kusu, wanda ya yi gyangyaɗi shi ke da shara gobe.