Mutumin da Ke Karɓar Harajin Matattu

An yi wani mutum a nan Wudil, ba a wata ƙasa mai nisa ba. Ba zan kama sunansa ba, don uwarsa tana raye kuma ba ita ta aike shi ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ba a rasuwa ya ƙi zuwa. Daga Sabon Gari har Darki, in an ji mutuwa shi ne a gaba. Ya kama makara, ya zuba ƙasa, ya zauna makoki har a naɗe tabarmi. Ana ta cewa ga mai zumunci. Ashe kunne yake kaiwa. Yana jan carbi yana jin abin da mamaci ya bari, da sunan matarsa, da ko akwai babban ɗa a gidan. In zai tashi sai ya roƙi lambar wayar matar, wai iyalinsa za su yi mata ta'aziyya.

Ya san mai takaba ba ta fita, balle ta je wani ofis ta tambaya. Ya kuma san ba abin da ke cin ranta kamar a ce mijinta yana kabari da bashi a wuya. A kan wannan ya kafa sana'arsa.

Sai ya bari ƙafa ta ɗauke daga gidan. Ya sa wani layi daban, ya zaga bayan kasuwar shanu inda ba kowa, ya sake murya ta koma irin ta masu ofis, a sanyaye, ba gaggawa. Haka ya kira Rabi, matar Labaran mai lambu. Rabi ƙanwata ce, ciki ɗaya, shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Ya ce, "Hajiya, ya ƙarin haƙuri? Daga ofishin haraji ne. Marigayi Labaran, mai lambu a bakin kogi ko? Allah ya jiƙansa. Ba mu so taɓa ki a wannan hali ba, amma akwai harajin gwamnati da ya taru a kansa."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, bai taɓa faɗa mini ba."

Ya ce, "Maza ba sa faɗa, Hajiya. Kin dai san yadda bashi yake tsare wanda ya kwanta dama. Kada ki sanar da 'yan uwansa. In magana ta fita, dole mu zo da mota mu yi shela a ƙofar gida. Ni rufin asirinsa nake nema."

Ya ji numfashinta yana rawa, ya san ya samu.

Rabi ta kira dillaliya ta ba ta awakinta a ɓoye, aka sayar, aka tura masa kuɗin ta wurin mai POS. Ya ce bai cika ba. Ta ba da injin markaɗenta, wanda da shi za ta ci da marayu. Ya ce an samu tara a kai. Kullum bayan azahar sai ta kira shi, ta gaishe shi da aiki, ta gaishe shi da iyali, sannan ta yi tambayarta: "Ranka ya daɗe, an sake shi?" Shi kuwa ya ce, "Saura kaɗan, Hajiya."

Wane irin mutum ne zai ji wannan tambayar ya iya cin tuwo? Shi ya ci, har da ƙari. Ya sayi babur sabo, ya kama fili.

Da ta ce masa ba ta da sauran komai, ya kashe layin. Rabi ta daina cin abinci. In mun matsa mata sai ta ce yaya za ta ci Labaran yana tsare, mu kuwa muna zaton zafin mutuwa ne. Ba ta gama takaba ba muka binne ta. Sai bayan nan dillaliya ta ba mu labari. Kun san wa ya kama makararta? Shi. Har ya zo ya durƙusa a zaure ya ce Allah ya ba mu haƙuri.

Wata Juma'a da rana tsaka, kasuwa ta cika, yana tsaye cikin mutane, sai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Layin da ya kashe ne. Ya duba, lambar Rabi. Ya ce a ransa wani cikin danginta ne, ya kara a kunne. Hayaniyar kasuwar duk ta ɗauke masa. Aka gaishe shi da aiki, aka gaishe shi da iyali. Aka ce, "Ranka ya daɗe, an sake shi?"

Ya zare layin ya karya, ya je kan gada ya jefa a kogi. Washegari bayan azahar kiran ya shigo ta layinsa na gida. Ya yar da wayar gaba ɗaya.

Wayar Rabi tana ɗakina cikin kwalla, ba batir a jikinta. Abin da na gani ke nan, ba zan ƙara ba.

Ya je aski wurin Ɗayyabu wanzami, an jiƙa masa kai ke nan wayar wanzamin ta yi ƙara. Ɗayyabu ya saurara, ya yi dariya, ya miƙo masa. Ya ce, "Wata baba ce, wai a ba Ranka ya daɗe da ke zaune a gabana. Yaushe aka naɗa ka ba mu sha shagali ba? Ko kansila ka zama a ɓoye?"

Ya karɓa ya kara a kunne. Da zagi ne da ya ji sauƙi. Muryar ba fushi a cikinta, ladabi ne zalla, irin na mai jiran alfarma. Ya buɗe baki zai ce ƙarya ce, ba a bin Labaran komai. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Saura kaɗan, Hajiya." Ya sake gwadawa, haka. Ya tashi da rabin aski ya fita.

To ina mutum zai shiga a Wudil ya tsere wa waya? Mai shayi yana da ita, mai nama yana da ita. A masallaci ta yi ƙara a aljihun na kusa da shi ana cikin sujada, ya yanke salla ya fita ba takalmi. Aka kai shi wurin malamai. Kowanne ya tambaye shi me ya aikata, ya ƙi faɗa. Matarsa ta gaji da ɓoye wayarta a buhun gero, ta tafi gidansu.

Wuri ɗaya ya rage masa. Halliru mai haƙar kabari ne ya same shi da rana, a durƙushe gaban kabarin Labaran, yana magana da muryar nan ta ofis.

"Malam Labaran, ba a binka komai. Gwamnati ba ta san zancen ba, ni ne. Don Allah ka faɗa mata. Ni in na zo faɗa ba ya fitowa."

Ya rarrafa zuwa wani kabarin ya kira sunan mai shi, ya faɗi haka. Ya wuce na gaba. Halliru yana binsa a baya yana sauraro. Ta nan muka san Rabi ba ita kaɗai ba ce. Yana can har yau. In an ɗauko shi, ya koma.

Ya 'yan uwa mata, ku buɗe kunne. Hukuma ba ta karɓar haraji a ɓoye, ba ta cewa ki tura a asusun wani mutum. Duk wanda ya ce kada ki faɗa wa kowa, ɓarawo ne, ko da ya san sunan mijinki da na kakansa. Ki kashe wayar, ki kira ɗan uwanki. Ke ce mai takaba, shi ƙafarsa ba ta takaba, ya taka ya je ofishin da kansa. Bashin mamaci kuwa a gaban dangi da shaidu ake warware shi, ba a kunnen mace ita kaɗai ba.

Ku kuma danginsa, kun ce mini ba a shari'a da mahaukaci. Na ji. Babur ɗin ma mahaukaci ne? Filin fa? Marayun Rabi suna ɗakina. Ku sayar, ku bi gidajen da ya ambata ku mayar wa kowa haƙƙinsa. Na je wurin mai unguwa, kuma ba nan zan tsaya ba. Wataƙila in kun biya, bakinsa ya saku ya ba Rabi amsa.

Allah ya jiƙan Rabi da Labaran. Allah ya kiyaye mu da yi wa wanda ba zai iya tashi ya ƙaryata mu ba ƙazafi. Amin.