Kafintan da Ya Ce Ba Ya Sha

Ya 'yan uwa, ku ba ni aron kunnuwanku. An yi wani mutum kafinta. Ba zan faɗi sunansa ba, kada ma wani ya tare ni a bakin ƙofa yana tambaya. Mutum ne mai hannu, idan ya haɗa maka ƙofa sai ka tsufa ka bar ta ba ta yi ƙara ba. Ga fara'a, ga kyauta, ga jiki Allah ya ba shi har ya yi yawa. Idan fensir ya faɗo daga bayan kunnensa sai dai ya ɗauko wani, don sunkuyawa ta zama masa aiki. Gwiwa ta fara ciwo, ciwon suga ya shigo, kullum da safe sai ya haɗiyi ƙwayar magani.

Yana da 'ya ma'aikaciyar jinya. "Uwata" yake ce mata, kuma duk duniya ba wanda yake jin nauyinsa kamar ita.

Amma kafintan nan yana da abin da ko matarsa ba ta sani ba. A bayan shagonsa akwai ɗan ɗaki da ake zuba ragowar katako da gwangwanayen fenti. A cikin kwalaben man goge katako akwai guda ɗaya da ba mai ba ne a cikinta, giya ce. Shi da abokinsa mai fenti suke shiga su ja ƙofa, shekara da shekaru. Har doka suke da ita: duk wanda ta yi wa yawa, a kwantar da shi a tsohuwar katifar da ke lungu, a kashe wayarsa, a bar shi har ya wartsake. Kafinta ne ya kafa dokar, shi ne kuma ya sa mai fenti ya rantse cewa ko me zai faru, maganar ba za ta kai gida ba.

Da ƙiba ta fara hana shi numfashi, 'yarsa ta matsa masa suka je wurin likita. Likita ya ce akwai allurar rage ƙiba da ake yi sau ɗaya a mako. Kafin ya rubuta, sai ya ɗago kai.

"Kana shan giya?"

Yarinyar tana zaune a gefensa, katinsa a hannunta. Kafinta ya yi dariya. "Haba likita, ni?"

"Babana ko taba ba ya sha," in ji ta, har da ɗan fushi.

Likita ya ce, "Ba don cin mutunci na tambaya ba. Allurar nan tana rage cin abinci, kana kuma kan maganin suga. Giya a kan cikin da ba komai tana iya saukar da sugan jini har mutum ya suma."

Ya ji, 'yan uwa. Da kunnensa ya ji. Me ya hana shi komawa washegari shi kaɗai ya ce, likita, jiya kunya ce ta kama ni? Da ya koma, ai ba kowa a ɗakin sai su biyu. Bai koma ba.

Aka fara allura. Kowace Asabar da safe 'yar takan ɗauko ta daga firij, ta goge masa gefen ciki da auduga. Shi kuma ya ce, "A hankali, Uwata, kada ki sace min taya." Ta yi dariya ta soka. Wata biyu, wata uku, jiki ya fara sauka. Da ƙusa da guduma yake huda sabon rami a bel ɗinsa, ya kawo mata ta gani. Ranar da ya sunkuya ya ɗaure takalminsa da kansa, sai da ta yi hawayen murna.

Gaskiya, mako uku na farko bai taɓa kwalbar ba, kada in zalunce shi. A na huɗu ya ce rabin kofi ba zai yi komai ba. Bai yi komai ɗin ba kuwa, wannan shi ya cuce shi. Ya koma ma'auninsa na da. Ya manta cewa a da sai ya share kwano biyu kafin ya sha, yanzu kuwa cokali uku yake yi ya ture.

Rannan ya haɗiyi ƙwayarsa da rabin kofin shayi ya fita. Ya wuni yana feƙe katakon wata babbar durowa, bai sa komai a bakinsa ba. Bayan azahar mai fenti ya leƙo, suka shiga suka ja ƙofa.

Kofi na biyu bai ƙare ba gumi ya karyo masa, mai sanyi. Ido ya yi duhu. Shekarunsa nawa yana sha, ya san maye, ya kuma san wannan ba shi ba ne. Maganar likita ta faɗo masa a rai. Ya buɗe baki zai ce a kira Uwata, harshe ya harɗe.

Mai fenti ya yi dariya. "Yau kuma da wuri ta kayar da kai? Ramar nan ta rage maka ƙarfi, mutumina."

Ya ja shi zuwa katifa. Wayar kafinta ta yi ƙara a aljihu. 'Yarsa ce, za ta tambaye shi ko ya ci abinci, kamar yadda take yi kullum. Yana ji, yana ganin abokinsa ya zaro ta ya kashe. Mai fenti ya ja ƙofa ya koma bakin aikinsa, ransa fes, ya cika alkawari.

Sai dab da magariba ya dawo. Ya girgiza shi, ya yayyafa masa ruwa, shiru. Kun san me ya fara yi? Ya wanke masa baki, ya canza masa riga, ya ɓoye kwalbar, sannan ya nemi mota. A asibiti ya ce, "Yana cikin aiki ya faɗi." Da 'yarsa ta iso, aka tambaye ta ko yana shan wani abu. Ta ce, "Babana? Wallahi a'a."

Bai mutu ba. Amma awannin da ya yi a katifar nan sun taɓa ƙwaƙwalwa. Hannun dama ya tafi, magana ta tafi. Ji da hankali ne suka rage, kuma da su ake azabtar da shi.

Domin yarinyar nan ta ɗora wa kanta laifin. Ta roƙi a ɗauke ta daga ɗakin allura, don ba ta iya ƙara riƙe sirinji. Kullum ta taso daga aiki sai ta zauna a bakin gadonsa tana ba shi abinci a cokali.

"Baba, ka yafe min. Ni na kai ka, ni na riƙa soka maka da hannuna. Da na bar ka da ƙibarka, da yanzu kana shago."

Yakan yi gurnani, ya girgiza kai, hawaye na bin kunnensa. Ita kuma ta ɗauka ciwo ne, ta gyara masa matashi.

Wata rana mai fenti ya zo dubiya, ya tarar tana wannan magana. Kafinta ya kafe shi da ido, ya dubi 'yarsa, ya sake dubansa. Roƙo yake, ka gaya mata, ka sauke mata wannan kaya. Da ta fita ɗebo ruwa, mai fenti ya sunkuyo, ya riƙe hannun da ke da rai, ya yi ƙasa da murya.

"Kwantar da hankalinka. Na rantse maka, ba za ta taɓa ji ba."

Ya 'yan uwa, ina ce ba sai na ƙara ba. Allah ya haramta giya, mai lafiya ma ta rushe shi, balle mai magani a jiki. Allurar ba ta ci amanarsa ba, 'yarsa ba ta ci ba. Shi ya ji kunyar 'yarsa fiye da kunyar Mahaliccinsa, ya yi wa likita ƙarya, ya kuma zaɓi abokin da zai rufa masa asiri ko da zai mutu a ciki. Wa ke biyan wannan yanzu? Yarinyar da ba ta taɓa ganin kwalbar ba.

In akwai mai irin wannan ɗaki a cikinmu, ba na son ya ɗaga hannu. Ya je gida ya zubar, ya tuba. In ya kasa bari yau, ya je ya faɗa wa likitansa gaskiya tun harshensa yana juyawa.

Allah ya kiyaye mu da iyalanmu. Allah ya ba wannan bawa sauƙi ya gafarta masa, ya sanyaya zuciyar 'yarsa. Amin.