Ranar da Namadi Ya Ce Kada a Saya

Akwai wani mutum a garin Bagudo ana ce masa Alhaji Albashir Mai Tonin. Shagonsa yana gangaren hanyar kogi, kuma duk wanda injinsa ya lalace, tun daga Kende har Sharabi, can yake dosa. Injin ban ruwa ne, ko na casar shinkafa, ko na jirgin masunta, in dai ƙarfe ne, Alhaji zai fere shi ya dawo da shi hayyacinsa.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa. In aka kawo babban ƙarfe, irin gidan boris na injin casa, wato inda sandarsa ke juyawa, ko gangar jikin tarakta, wanda raminsa ya cinye yana buƙatar a fafe shi daidai, injinansa ba sa iya ɗauka. Sai dai a ɗora a mota a kai Sakkwato ko Kano. Kafin ya dawo, wani shinkafarsa ta lalace a buhu, wani lokacin shuka ya wuce shi. Wannan abu ya daɗe yana cin Alhaji a rai.

Ana nan, sai wani dillali mai suna Manu, wanda ke zirga-zirga tsakanin Bagudo da ƙasar Benin, ya zo masa da bidiyo a waya. Wani kamfanin gurzar auduga ne ya rufe can wajen Kandi, ana sayar da kayan aikinsa. A ciki akwai injin borin, girmansa ya kai ɗaki. Sandarsa mai fafe rami a kwance take, tana shiga ƙarfe ta gefe, kuma kwamfuta ce ke tuƙa shi.

Alhaji ya kalli bidiyon har wayar ta yi zafi. A ranar ya yanke shawarar sayar da gonarsa ta fadamar Kaoje, wadda ya gada daga mahaifinsa, don ya sayo injin.

Da ya faɗa wa matarsa Hajiya Sailuba, sai ta ajiye tankaɗen da take yi.

Ta ce, "Alhaji, ka san aikin wanga inji?"

Ya ce, "Ƙarfe ne, ni ko tun ina yaro nake cikin ƙarfe."

Ta ce, "Ƙarfen na yarda. Kwamfutar fa? Gona in ta tahi ba ta dawowa. Ga Namadi nan kan tudu, ka tahi da shi mana."

Alhaji ya ɓata rai. Namadi matashin magidanci ne da ya yi shekaru yana aiki da irin waɗannan injina a wata masana'anta a Kaduna, sannan ya dawo gida ya buɗe nasa shagon. Tun da ya buɗe, Alhaji bai taɓa taka wurin ba. In an ambaci sunansa ma sai ya ce, "Masu danne-danne? Ku ba shi sifana ku ga ko ya san kanta da gindinta." Kuma maganar tana komawa kunnen Namadi, don Bagudo ba ta ɓoye zance.

Alhaji ya yi ta juya maganar matarsa a ransa. Girman kai na ja, tsoron asarar gona na ja. Wata safiya dai ya hau babur ya haura tudu.

Namadi na ganinsa ya miƙe, ya goge hannu, ya jawo masa kujera.

"Alhaji da kanka? Ai da aike ka yi, ni in zo."

Alhaji ya yi bayani yana kallon gefe. Namadi ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce zai je, amma da roƙo ɗaya. Kada a yi cinikin biri a sama. A tafi da guntayen ƙarfe na gwaji, a kuma tafi da aiki na gaske. Dama akwai gidan boris na wata mai injin casa daga Kaoje yana kwance a shagon Alhaji, yana jiran motar Kano. Da izininta aka ɗora shi a bayan a-kori-kura.

Suka ɗauki Manu, suka bi ta Tsamiya, suka ƙetare iyaka, suka isa da hantsi.

Injin yana tsaye cikin wani dogon ɗaki, an goge shi yana ƙyalli. Wani dattijo Badende da ya daɗe yana kula da kayan kamfanin shi ya buɗe musu. Alhaji ya shafa jikin injin kamar mai duba doki, zuciyarsa ta riga ta saya.

Namadi bai kula da fenti ba. Ya zagaya baya ya buɗe akwatin wuta ya leƙa. Ya shafa layukan da teburin injin ke zamewa a kai, ya murza man a yatsa, ya sunsuna. Sannan ya sa aka tada janareta, ya ɗaure guntun ƙarfe a kan teburi, ya danna 'yan maɓallai. Sanda ta matso a hankali ta shiga ƙarfen, ɓarɓashi na zuba kamar ana fere rogo.

Da ta fito, suka sa agogon awo, wani ɗan abu mai allura da ke nuna ko rami ya zagaye daidai. Allura ba ta ko motsa ba.

Alhaji ya ce, "Allahu Akbar! Manu, kira masu kaya a gama magana."

Namadi ya ce, "Alhaji, kada ka saya yanzu."

Alhaji ya juyo ya dube shi.

"Don mi? Ba kai ka auna da hannunka ba?"

"Na auna. Amma injin da sanyi yake. A bar shi shi yi ta juyawa har bayan Azahar, mu sake gwadawa."

Manu ya ja Alhaji gefe, ya rage murya. Ya ce akwai wani mai saye daga Parakou da ke kan hanya. Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma Alhaji, ka tuna shi ma mai shago ne. In wanga inji ya shiga hannunka, wa zai ƙara hawa tudu?"

Maganar ta sami wurin zama. Alhaji ya dawo fuska a murtuke, a gaban kowa ya ce, "Namadi, in baƙin ciki ya kawo ka, ka hwaɗa mini tun yanzu. Ni na san ba son ci gabana kake ba."

Idanun Namadi suka kaɗa. Alhaji ya zaci zai juya ya fita. Amma sai ya ce, "Alhaji, kai babba ne gare ni. Dukiyarka ce, in ka so ka biya yanzu. Ni dai tunda ka ɗauko ni, ba ni barin ka da rabin gaskiya."

Ya koma wurin injin ya ci gaba da aikinsa, yana tura teburin gaba da baya, dama da hagu. Alhaji ya fita ya zauna gindin wata bishiyar mangwaro yana huci. Bai biya ba, bai kuma ce ya fasa ba.

Suka yi sallar Azahar a sahu ɗaya.

Da suka koma, Namadi ya ɗaure wani guntun ƙarfen. Tun kafin sanda ta gama shiga, kunnen Alhaji, wanda ya tsufa cikin ƙarar inji, ya ji wani ɗan gurnani da babu shi da safe. Aka sa agogon awo. Allura ta rinƙa lilo, ta je ta dawo. Ramin ya fito kamar ƙwai, kaɗan ne ƙwarai, ido ba ya gani. Amma Alhaji ya san abin da hakan ke nufi. Duk boris da aka sa a irin wannan rami, ba zai ga ƙarshen kaka ba.

Ya tuna gonar mahaifinsa, ya tuna mutanen da za su kawo masa aiki da amana ya mayar musu da ɓarna. Ya nemi wuri ya zauna.

"Shi ke nan, mu tahi gida," ya ce da sanyin murya.

Namadi ya ce, "A'a Alhaji, yanzu munka fara."

Ya kwanta a ƙasa da rigarsa, ya kwance murfin da ke ƙarƙashin teburin, shi da dattijon nan mai haska masa tocila. Can ya kira Alhaji ya nuna masa. Bututun da ke kai mai ya toshe, saboda haka boris ɗin da ke riƙe dogon ƙarfen da ke tura teburi ya bushe ya cinye. Da sanyi yana riƙewa, da ya yi zafi sai ya saki.

Ya ce, "Sandar lahiya lau take, kwamfutar ma haka. Wanga ciwo yana da magani. Amma su za su yi maganin kafin ka biya, ba kai ba. Su ba mu littattafansa duka, a kuma juya harshen allon daga Faransanci, don mu iya karantawa."

Dattijon ya rantse bai san da matsalar ba, don tun da kamfanin ya tsaya ba a taɓa barin injin ya daɗe yana aiki ba. Ya kira masu kaya a waya, suka amince. Mai saye daga Parakou kuwa, har suka bar wurin ba a ga ƙurarsa ba.

A hanyar dawowa, da suka wuce iyaka, Alhaji ya ce, "Namadi, ka yafe mini. Da na yau, da na baya."

"Wallahi ba komai, Alhaji. Amma akwai sauran magana, in ba za ka ji haushi ba."

"Hwaɗi. Yau kunnena naka ne."

"Shagonka a kwari yake. In kogi ya cika, ruwa na shiga har idon sawu, wanga inji ko ba ya shiri da laima. Ga shi yana son wuta mai layi uku. Ni ina da fili kan tudu, ina da babban janareta da ya fi ƙarfin aikina. A kafa shi can. In sa abin da nake da shi, kai ma ka sa, ba sai gonar ta tahi duka ba."

Alhaji ya juyo ya dube shi. "Mi ya sa za ka yi mini haka?"

Namadi ya yi murmushi. "Masu ɗaukar ƙarfe zuwa Kano ai dangina ne, Alhaji. Kuma kwamfuta ba ta san halin ƙarfe ba. Kai ka sani."

Alhaji ya kau da kai wajen taga, yana goge ido da bakin hularsa.

Da aka gama gyara suka koma. Namadi ya sake barin injin ya yi zafi sosai, sannan aka ɗora aikin matar Kaoje. Allura ta tsaya cik. Aka biya, aka yi takardun kwastan, aka kafa injin kan tudu bisa daɓen kankare. Kafin kaka ta ƙare, har daga ƙetaren iyaka ake kawo musu aiki.

Yanzu in ka je wurin da safe, za ka tarar da Alhaji Albashir da farin gemunsa, ya maƙala tabarau, yana danna maɓalli da yatsa ɗaya, Namadi na gefensa yana gyara masa. In ya yi kuskure sai ya yi dariya ya ce, "Malam, a yi haƙuri da ɗalibi."

Wata rana wani baƙo ya tsaya yana kallon injin, ya tambaya, "Wai na wane ne a cikinku?"

Alhaji ya ce, "Alhamdu lillahi. Ni na so in saya, wanga bawan Allah ya hana ni. Albarkar hanin nan ce kake gani tana juyawa."

Darasi: Ba duk wanda ya ce maka "dakata" ne maƙiyinka ba, kuma ba duk mai ce maka "yi sauri" ne masoyinka ba. Girman kai rawanin tsiya ne, tambaya kuwa ba ta rage wa babba girma. In Allah ya haɗa ka da mai faɗa maka gaskiya ko da ka ɓata masa, ka riƙe shi, ka gode masa tun yana ji. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila akwai wanda ke gab da biyan kuɗin abin da bai gwada ba.