Gudumar da Kanta Ke Ciwo

Ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu saurara.

Bushiya ce dai ta noma tumatir, ya nuna jawur, saura kaiwa kasuwa. Sai ƙafar amalankenta ta kwance, katakonsa ya tsage, ƙyauren ɗakinta kuma ya ɓalle, awaki suna leƙen tumatir. Ita kuwa Bushiya ba ta yarda da kowa ba. Ko sannu ka ce mata, sai ta tambaye ka ta mece ce.

Ta tafi wurin Dila mai kayan gyara. Ya baje mata kaya suna ta ƙyalli. Ya ce, "Uwar ɗakina, ga sifana mai baki, ga zarto mai haƙora, ga guduma mai kai."

Ta ɗaga, ta shinshina, ta girgiza. Ta ce, "Malam Dila, wannan jakar da ka zauna a kai fa?"

Ya ce, "Tsofaffin tarkace ne da nake 'yan gyare-gyarena da su."

Ba ta yarda ba. Amma tumatir ba ya jira, ta sayi masu ƙyallin nan uku.

Ta kafa sifana a noti, sifana ta zame. Ta sake kafawa, ta sake zamewa. Sifana ta ce, "Bakina ya saki, Iya, ba na kamu."

Ta ɗora zarto a katako. Ja ɗaya, haƙora suka kwanta. Zarto ya ce, "Wayyo haƙorina!"

Ta ɗaga guduma, kan ya fice, ya tsallake katanga ya faɗa tukunyar maƙwabta. Da ta ɗauko shi, guduma ta ce, "Kaina ke ciwo, kar a buga ni."

Ran Bushiya ya ɓaci. Ga tumatir ya fara laushi, ƙudaje sun fara zuwa gaisuwa. Ta jera su ukun a tabarma, ta ce, "Ku faɗa mini gaskiya, aikin me kuka taɓa yi?"

Suka ce, "Ba mu taɓa ba. A saye mu, a zage mu, a jefa mu juji, Dila ya tsinto mu ya goge, ya sake sayarwa."

Ta ce, "To, ku zo. Abin da duk ya tambaye ku, gaskiya kawai za ku faɗa."

Ta koma wurin Dila tana fara'a. Ta ce, "Allah ya saka da alheri! Akwai sauran irinsu? Duka nake so. Ashe da kansu suke aiki, mutum yana kwance!"

Dila ya ƙura mata ido. Tunda ya buɗe rumfa ba a taɓa dawowa a gode masa ba. Ya ja kayan gefe, ya raɗa musu, "Da gaske ba ta sa hannu ba?"

Sifana ta ce, "Ko noti ɗaya ba ta ɗaure da ni ba."

Zarto ya ce, "Ko tsinke ba ta yanka da ni ba."

Guduma ta ce, "Ko ƙusa ɗaya ba ta buga da ni ba."

Dila ya ce a ransa, ashe dukiya na yi ta sayarwa a banza! Ya ce, "Uwar ɗakina, kuskure aka yi, waɗannan na gado ne. Karɓi jakar nan a madadinsu."

Bushiya ta yi ta jan rai, ya yi ta roƙo, sannan ta karɓa. Ashe kayan aikin ƙwarai ne a ciki. Ta ɗaure ƙafar amalanke, ta sauya katako, ta kafe ƙyaure, ta tura tumatirinta kasuwa.

Ba a jima ba sai ga Kura a rumfar Dila tana jan ƙugu. Ita jak na ɗaga mota ta saya a wurinsa, ta shiga ƙarƙashin motarta, jak ya noƙe, mota ta sauka a ƙugunta. Shi ya sa har yau bayan kura yake a sunkuye.

Tana ihu, "Ina Dila? Ina Dila?"

Dila ya faɗa ɗaki. Ƙyaurensa kuwa ƙusa ɗaya ke riƙe da shi. Ya zube kayan a ƙasa, ya ce, "Maza ku kafe ƙofa! Maza!"

Kaya ko motsi ba su yi ba. Ya ɗauki guduma da kansa, ya ɗaga, kan ya fice ya sauka a ƙeyarsa. Kura ta tura ƙyaure da ɗan yatsa, ta yi sallama.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ta ƙare. Wanda ya sayar wa mutane abin banza, ranar da ya shiga uku shi zai tarar a hannunsa.