Shirun Tunau Bahago

A zamanin da ba a san bindiga ba a ƙasar nan, tun ba a sari itace ko ɗaya a bakin Tafkin Yalmo ba, an yi wani fari na shekara uku wanda ya kori mutane daga tudu. Gida goma sha ɗaya suka taso a ƙarƙashin wani dattijo mai suna Arzika, suna janye da 'yan awakin da suka rage, har suka iso bakin tafkin. Ga ruwa shimfiɗe iya ganin ido, amma babu damar ɗiba. Wata tsohuwar dorina ce ke riƙe da shi, wadda aka ce ciyawa ta tsiro a gadon bayanta har tsuntsaye na yin sheƙa a ciki. Cikin wata guda ta kife jirage biyu, ta tattake mata uku a wurin ɗibar ruwa.

A cikin baƙin nan akwai wani maharbin ruwa, sunansa Tunau. Gajere ne, bahago, ba ya son yawan magana. Makaminsa zago, wato mashi mai ƙugiya da doguwar igiya, da gora ɗaure a ƙarshenta. Idan ya fito ana yi masa kirari: "Tunau bahago, mai jifa ɗaya! Na Dela, kada ya hango ka ya nutse!" Abokinsa Barmo shi ke tuƙa masa jirgi. Dogo ne, kyakkyawa, ga daɗin baki, bai taɓa jifan ko ƙadangare ya samu ba.

To, maharban ruwa na wancan lokaci suna da wata doka mai tsanani. Duk wanda ya kashe dorina ba ya komawa cikin mutane sai ya yi kwana bakwai shi kaɗai, bakinsa a rufe. Sun yarda cewa fushin dabbar yana shiga ƙirjin wanda ya kashe ta, kuma ta murya yake fita, duk kunnen da ya ji muryar nan kafin kwanakin su cika, mai shi ba zai ga damina ba. Zagon kuwa a jikin naman ake barinsa, abokin tafiya ya kai shi gida.

Ran wata Laraba da hantsi Arzika ya tara jama'a ya ce, "Wanda ya buɗe mana ruwan nan, shi ne Sarkin Ruwa, kuma da sunansa za a kira garin." Tunau ya ɗauki zagonsa, Barmo ya ɗauki filafilin tuƙi. A bayan wani ɗan tsibiri, inda ba a hango su daga gaɓa, dorinar ta taso musu, baki buɗe. Barmo ya saki filafili ya kwanta a cikin jirgi yana kiran uwarsa. Tunau ya miƙe ya yi jifa ɗaya. Dorinar ta ja jirgin tun daga hantsi har la'asar, ruwa ya yi jawur, sannan gorar ta tsaya cak.

Tunau ya nuna wa Barmo tsibirin da hannu. Barmo ya sauke shi, ya ja igiyar ya nufi gari.

Kwana biyu Tunau yana wanka da saiwoyi yana sauraron ganguna daga gaɓa, zuciyarsa fari ƙal, don a zatonsa shi ake yi wa. A rana ta uku iska ta juyo, ta kawo masa muryar maroƙi tar: "Barmo mai jifa ɗaya! Kada ya hango ka ya nutse!" Kai! Har kirarin nasa ba su bar masa ba.

Can sai ga matarsa Dela ta tuƙo jirgi da kanta, ga tsohon ciki. Ita ke kawo masa abinci ta ajiye a kan dutse ta juya. Ran nan ba ta juya ba.

"Maigida," in ji ta, "Barmo ya ce kai ka tsorata ka faɗa ruwa, kunya ce ta sa ka ɓuya a nan. Yau da la'asar za a naɗa shi. Duba can, kowa yana bakin ruwa, kuma murya na tafiya a kan ruwa. Ka ɗaga murya ka ce kai ne. Magana ɗaya tak!"

Tunau ya dubi taron da ke gaɓa, ya dubi cikin matarsa. Maganar ta taso masa har maƙogwaro. Sai ya duƙa ya ɗauki wani ɗan dutse ya cusa a bakinsa, ya danne shi da haƙori har jini ya biyo gefen leɓensa.

"Wallahi ka cuce ni," Dela ta ce tana kuka. "Ɗan nan zai tashi ana ce masa ɗan matsoraci."

Ya juya mata baya. Da kunnensa ya ji guɗar naɗin daga farko har ƙarshe.

Da kwana bakwai suka cika ya shiga gari, ya zarce gaban Arzika. Ya ce, "Baba, a kawo zagon a duba. Gurbin da hannu ya ci a jikin itacen na hagu ne."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Na duba tun ran farko, ɗana. Na sani. Amma dangin Barmo gida biyar ne, kai kuwa gidanka ɗaya. An riga an naɗa, an yi rantsuwa. In na warware, garin nan zai watse tun bai yi katanga ba. Ka yi haƙuri."

Haƙuri! Mutumin da ya tauna dutse don kada su mutu, shi aka ce wa ya ƙara haƙuri, ɓarawon kuwa aka shimfiɗa masa buzu. Tunau ya ce, "Na yi muku shiru kwana bakwai, kun ji daɗinsa. To ku riƙe sauran." Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da mutanen Tungar Barmo. Ya ɗauki Dela suka koma tsibirin, a can ta haihu, a can ya shekara talatin da ɗaya. Ranar da ya rasu, an ce kwaɗin tafkin kaf suka yi tsit har kwana bakwai. Tsofaffin da suka san abin da aka yi kunya ta kama su, suka riƙa yin shiru duk sanda jirginsu ya zo wucewa ta gefen tsibirin. 'Ya'yansu suka gani suka ɗauka, ba tare da an gaya musu dalili ba.

Yau Tungar Barmo ta zama babban garin gunduma, har an gina mata gidan tarihi a bakin tafkin, fes da shi, an jera tsofaffin taru da tukwane da turamen daka. A tsakiyar ɗakin akwai akwatin gilashi, a ciki zagon nan ne kwance. An rubuta a ƙasansa: "Makamin Barmo, wanda ya kafa garin nan." A bango mai zane ya zana Barmo tsaye a jirgi, ya ɗaga mashi da hannun dama. Duk wanda ya taɓa riƙe mashi, da zai kama itacen nan sau ɗaya, da ya gane hannun da ya ci shi. Sai dai akwatin a kulle yake, kuma an rubuta kada a taɓa.

Masunta kuwa har gobe in sun zo daidai tsibirin sai su kashe injin jirgi, hira ta yanke, su wuce da filafili baki a rufe. Wannan ma gidan tarihin bai manta da shi ba. Akwai ɗan allo kusa da ƙofa da ke bayanin al'adar, an ce wai don kada a firgita kifi ne.