Barmo da Tukunyar Uwar Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wani masunci ne, ana ce masa Barmo. A al'adar masunta, kifin da ya fara shiga komar kamun kifi na Uwar Ruwa ne, mayar mata ake yi ta sa a miya. Shi kuwa Barmo, kwaɗayi kamar kuda.

Ran nan kamun farko sai ga giwan ruwa, ƙato. Barmo ya ce, "Wannan zan mayar? Yau sai dai ta ci tuwonta gaya."

Kwaɗo ya ce, "Barmo, mayar mata."

Ya ce, "Rufe mini baki, mai ido a ka!" Ya kai gida ya cinye.

Washegari ya sake. Kada ya ce, "Barmo, an ɗora tukunya a ƙasa."

Ya ce, "Ina ruwana?"

Rana ta uku ya kuma. Sai ya ga Dorina ta fito tana sauri. Ya ce, "Ina zuwa?"

Ta ce, "Tudu. An ɗauki muciya."

Kogi ya yi tsit, ko tsuntsu babu. Can sai ruwa ya fara juyawa da kwalekwalen Barmo, tsakiya ta buɗe baki, baƙi ƙirin. Wata murya tana tasowa:

"Tuƙi nake, tuƙi nake,
Miyata babu nama."

Ya juye wa Uwar Ruwa kifin ranar duka. Ta ce, "Ba su ba ne."

Ya jefa koma. Ta ce, "Ba a cin zare."

Ya jefa filafilin da yake tuƙa kwalekwale da shi. Ta ce, "Madalla, na samu sabuwar muciya." Ruwa ya ƙara gudu.

Barmo ya fashe da kuka. "Inna, ki yi mini rai! Me kike so?"

Ta ce, "Kifina. Suna cikinka, ɗana. Sauko da su."

Zuruf! Babu Barmo, babu kwalekwale.

Shi ya sa, yara, duk inda kuka ga ruwa yana juyawa yana jan kara ƙasa, tukunyarta ce, ku yi nesa. Wanda ya ci rabon da ba nasa ba, da shi za a haɗa a miya.

Ƙurunƙus kan 'yar tarwaɗa!