Baƙuwar Ciyawa a Gonar Malam Shekarau

Ku matso kusa ku kasa kunne, don yau ku ne alƙalai.

A wani ƙauye an yi wani tsohon manomi, Malam Shekarau, mai wata jar gyaɗa da ya gāda tun kakanni. A wurinsa kowa ke neman iri. Wata shekara ciwon ƙafa ya zaunar da shi, 'ya'yansa uku suka yi masa shuka. Ana ta zuwa masa da albishir cewa gona ta yi kore shar, tsiro ya cika ko'ina. Tsoho har ya rasa inda zai sa kansa don murna.

Ran nan 'yarsa Lantana ta shigo da gudu, da tsiro biyu a hannu.

"Baba, ƙirga ganyen nan. Na gyaɗa huɗu ne, wannan uku. Taɓa jikinsa ka ji gashi. Rabin abin da ke gonar ba gyaɗa ba ne."

Ya ƙirga, ya sāke ƙirgawa. Mutum nawa suka ratsa gonar nan ba wanda ya lura sai ita.

Babban ɗansa Jatau ya ce ba a yaƙar abin da ba a sani ba. Ya ɗauki tsiron ya bi sawun takin da suka zuba, har rugar Arɗo Bammi. Arɗo na gani ya gane shi. Ya ce ciyawar kiwo ce da aka kawo musu suka shuka a bakin fadama, shanu na sonta ƙwarai, irinta kuwa yana fita a kashin shanu da ransa.

"Kada ku sare ta, za ta sāke tofowa," in ji Arɗo. "Kada ku yi feshi, dangin gyaɗa ce, tare za su mutu. Ku tuge ta da saiwa kafin ta yi 'ya'ya. In irin ya zuba, shekaru za ku yi kuna fama."

Jatau ya dawo yana haki, ya ce kwana goma ya rage musu kafin ciyawar ta yi 'ya'ya.

Gona kuwa faɗi gare ta, mutum uku ba za su gama ta ba ko a wata guda. Sai autansu Barau ya tashi. Ya bi gida gida yana kiran gayya, ya ɗauko makaɗa, ya kuma lallashi makiyaya su zo su tuge su kwashe wa shanunsu. Ranar da aka yi ruwa ƙasa ta yi laushi, mutane suka cika gonar. Ganga na tashi, ana tsere layi layi, kowa na ƙirga ganye kafin ya ja. Malam Shekarau ya sa aka ɗora shi a jaki, yana daga gefe yana kiran sunayen mutane yana sa albarka. Cikin kwana uku aka gama, shekarar kuwa gyaɗa ta cika rumbu.

Da kaka ta yi, tsoho ya so ya ba wanda ya ceci gonar farin bijiminsa, shi kaɗai ke gare shi. Ya dubi Lantana, ya dubi Jatau, ya dubi Barau, igiya tana hannunsa ya rasa wanda zai miƙa wa.

To, ku da kuka ji yadda aka yi, hannun wa ya kamata igiyar nan ta shiga?